Direban Jidda da ginin da ba ya ƙarewa: me zuciyarsa take nema?

Ɗan_Sabil:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar marubutan zauren nan. Gajeren fim nake rubutawa, kamar na minti 25. Babban tauraron, Malam Isiyaku, direban gida ne a nan Jidda, shekara 19 yana jan motar gida ɗaya. A watan Yunin 2018 aka bai wa mata damar tuƙi a Saudiyya, 'yar gidan ta karɓi lasisi, sai kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ce za a yi masa huruj, wato takardar fita daga ƙasar ba dawowa. Shi kuwa yana da gini a Rijiyar Lemo a Kano, an kai linta ba a yi rufi ba. Fim ɗin gaba ɗaya fafutukarsa ce ta haɗa kuɗin kwano kafin ya bar ƙasar. A ƙarshe ya samu, ya hau jirgi. Wanda zai ba da umarni ya karanta, ya ce labarin yana tafiya amma Isiyaku fanko ne. Wai na nuna abin da yake so, ban nuna abin da zuciyarsa take buƙata ba. Ni dai a ganina mutumin da ke neman inda zai sa iyalinsa, wace buƙata ce kuma ta fi wannan? Ko dai wata ƙa'ida ce ta marubutan Turawa ake son a ɗora mana?

Mai_Kyamara:
Wa alaikumus salam. Daraktanka bai zalunce ka ba. Ga hanyar da nake gwada labari in an kawo min. Ka ɗauka a minti na biyu wani attajiri ya tsaya ya miƙa wa Isiyaku kuɗin kwanon cif. Fim ya ƙare ko bai ƙare ba? Idan ya ƙare, to labarin kuɗi ka rubuta, ba labarin Isiyaku ba. Idan kuwa ka ba shi kuɗin amma ka ga har yanzu yana jan ƙafa, yana neman wani uzuri, to can ne mutumin yake. Abin da tauraro yake so, ya san shi, zai iya faɗa wa kowa a wurin shan shayi, ni kuma zan iya ɗaukarsa da kyamara: kwano, tikiti, hatimin fasfo. Abin da yake buƙata kuwa galibi bai san shi ba, ko ya sani yana musu. Na farko shi ke jan labari gaba, na biyu shi ke sa mai kallo ya damu.

Abu_Sadiƙ_Riyad:
Ni ban yarda ba. Wannan tunanin masu ƙoshi ne. Mutumin da ikamarsa, wato takardar izinin zamansa, za ta ƙare, 'ya'yansa na gidan haya, mai gida na aiko da takardar tashi, ina ya ga sararin wata buƙatar zuciya? Ku bar talaka da matsalarsa yadda take. Ɗan_Sabil, kada ka bari a lalata maka labari mai gaskiya.

Ummu_Hanan:
Abu Sadiƙ, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Talaka ma yana da abin da yake haɗiyewa, wataƙila ma ya fi na mai kuɗi yawa, don shi ba shi da wanda zai zauna ya saurare shi.

Kawu_Direba:
Ɗana Ɗan_Sabil, ni ba marubuci ba ne, 'yata ce ta sa ni a zauren nan. Amma aikin da kake rubutu a kai shi nake yi, kuma na daɗe a cikinsa. Bari in gaya maka abin da na gani da idona. Akwai wani abokin aikina, Allah ya ba shi lafiya, gininsa ya ƙare tun tuni. Da aka gama, sai ya ce a fitar da shago a gaba. Aka fitar. Ya ce a haƙa rijiyar burtsatse. Aka haƙa. Ya ce ai ƙasan zai ɗauki bene. Mu muna cewa son duniya ne. Wata rana da dare muna zaune a ƙofar gidan da yake aiki, muna cin tamis da ful, ya ce min hutun da ya je na ƙarshe, 'yarsa budurwa ta zo ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙo, ta kawo masa ruwa a kofin da ake ajiyewa don baƙi. Ƙannenta suka yi shiru har ya fita masallaci, yana jin sun ɓarke da hira bayan ya ja ƙofa. Ya ce min: muddin ina turo kuɗi, ni ubansu ne. In na koma na zauna, ni wane ne? Daga nan bai sake ɗauko zancen ba, ni ma ban sake ba. To wannan mutumin ba gini yake yi ba, dalilin zama yake nema. Irinsu suna da yawa a cikinmu, ba sa faɗa ne kawai.

Mai_Kyamara:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Abin da na yi ta kewaye-kewaye ina son faɗa, ka faɗe shi a tafi ɗaya. Ɗan_Sabil, ga fim ɗinka nan.

Ɗan_Sabil:
Kawu na gode ƙwarai, jikina ya yi sanyi. Amma ga matsalar. Isiyaku shi kaɗai ne a ɗaki mafi yawan lokaci. Ta yaya mai kallo zai san wannan tsoron in bai furta ba? Na yi tunanin in sa shi ya gaya wa wani abokinsa kamar yadda aka gaya wa Kawu.

Ummu_Hanan:
Kada ka yi saurin sa masa magana a baki. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ka lura ma a labarin Kawu, sai da aka shafe shekaru kafin mutumin ya furta jimla biyu, kuma daga su bai ƙara ba. Ni da ni ce, da ɗan fari zan yi amfani. Ka san iyayenmu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, wasu ma ko ido ba sa haɗawa da shi. To a ce Isiyaku ya baro ɗan farinsa yana rarrafe, yanzu ya zama saurayi, shi ke kula da ginin. Duk wayar da za su yi, maganar siminti ce da farashin kwano. "Kai, an kawo yashin?" "An kawo." "To." Shi ke nan. Da can alkunya ce ta hana shi kiran sunan yaron, yanzu kuma ya mayar da alkunyar mafaka, don bai san me zai ce masa ba. Ka bar mai kallo ya ji wannan wayar sau uku. A ta uku yaron ya ce: Baba an gama rufi, yaushe za ka taho? Sai ka bar kyamara a kan fuskarsa, ya ce a tambayo masa kuɗin tayil. Babu wanda zai kalli wannan bai gane ba.

Talatu_Shara_Mansur:
Yaya Ummu Hanan kin sa ni hawaye. Mahaifina haka yake da babban yayanmu har ya rasu. Sai bayan rasuwarsa muka ga duk takardun makarantar Yaya a cikin jakarsa, a naɗe cikin leda.

Abu_Sadiƙ_Riyad:
Allah ya ji ƙansa, Talatu. Amma ku duba abin da kuka yi. Kun ɗauki mutumin da canjin doka ya raba da aikinsa, kun mayar da matsalar cikin ransa. Yanzu mai kallo zai fita yana cewa Isiyaku matsoraci ne, ba zai tambayi yadda mutum zai yi shekara 19 yana aiki ya kasa rufa ɗaki huɗu ba. Wannan ne abin da nake tsoro da irin wannan koyarwa.

Mai_Kyamara:
Wannan gyara ne mai kyau, kuma yana faruwa. Akwai marubutan da in suka koyi zancen buƙatar zuciya sai su manta da duniyar da tauraro yake ciki. Amma ba dole ba ne ɗaya ya kori ɗaya. Wa ya raba shi da 'ya'yansa har suka zama baƙin juna? Direban gida ba ya iya kawo iyali, hutu kuma sai bayan shekara biyu in an dace. Ciwon da ke ransa yanayin aikin ne ya haifar da shi. In an rubuta da kyau, mai kallo zai ga duka biyun.

Almajirin_Madina:
Ina son in koma kan tambayar farko, ko wannan abu na Turawa ne. Ni ina ganin mun riga su saninsa. Ku buɗe Suratu Yusuf. 'Yan'uwan Annabi Yusuf, alaihis salam, abin da suka shirya a fili shi ne su rabu da shi. Amma a aya ta 8 da ta 9 an nuna mana abin da ke cinsu: suna ganin shi da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa a wurin mahaifinsu, suna son fuskar mahaifin ta juyo gare su su kaɗai. Suka samu abin da suka shirya, suka jefa shi a rijiya. Shin sun samu abin da suke nema? Mahaifin ya juya musu baya, ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Sannan a aya ta 68, bayan Annabi Yaƙub ya umarce su da su shiga ta ƙofofi daban-daban, aka ce wata buƙata ce a ran Yaƙub ya biya ta. Har yau Larabawa suna kawo wannan jimla in mutum ya yi abu don wani dalili da ya bar wa ransa. Wanda ya tashi da karatun wannan sura bai kamata a ce sai wani ya zo daga waje ya koya masa cewa abin da mutum yake bi daban, abin da ke ransa daban ba.

Malam_Na_Jarwal:
Ɗalibi, a yi hattara. Ƙissar Annabawa wahayi ce, ba a jera ta da rubutun fim.

Almajirin_Madina:
Allah ya gafarta Malam, haka ne, kuma ban ce a kwaikwayi Annabi a fim ba, Allah ya tsare. Abin da nake nufi shi ne sanin halin ɗan Adam da muke samu daga ƙissar. Marubuci Musulmi yana da taskar da zai koyi yadda hassada da kewa da nadama suke aiki a zuciya, kafin ya je neman wani littafi.

Malam_Na_Jarwal:
In haka ne babu laifi. Allah ya yi albarka.

Jikan_Mai_Wurno:
Ni daga Sudan nake, yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ne ya kawo mu nan ta Bur Sudan. Tun da Kawu ya yi maganar ginin da ba ya ƙarewa nake tunanin kakanninmu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira da sunansa. Bayansu mutane suka yi ta biyowa a ƙafa da niyyar Hajji. Da yawa suka tsaya noman auduga a Jazira, wasu a Gadarif, wasu a Kasala, don su tara guzuri. Kakana ya haifi 'ya'ya a can, ya aurar da su, ya ga jikoki, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi matafiyi ne, yana kan hanya. Kuma ba ƙarya yake ba, da gaske yake son Makka. Sai dai na daɗe ina ganin wannan kalmar ta "ina kan hanya" ita ta riƙe masa mutuncinsa. Bai koma ƙasar da Nasara suka ci ba, bai kuma yarda ya zama baƙon da ya zo cin arziki a ƙasar wasu ba. Shi alhaji ne da bai isa ba tukuna. Isiyakunka jikan wannan mutumin ne, Ɗan_Sabil, sai dai shi fuskarsa yamma take kallo. In ka rubuta shi da kyau, Hausawan Sudan za su gane shi kafin na Kano.

'Yar_Gadarif:
Yaya ka faɗi gaskiya. Kuma tunda ana neman misali a fim, ku nemi Wada'an Julia na Muhammad Kurdufani, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Kan a Faransa a 2023. Matar da ke ciki, Muna, ita ce sanadin da mijinta ya harbe wani mutumin Kudancin Sudan. Sai ta nemo matar mamacin ta ɗauke ta aiki a gidanta, tana yi mata alheri iri-iri ba tare da ta gaya mata komai ba. Abin da take so shi ne asirinta ya rufu kuma ranta ya huta. Abin da take buƙata shi ne ta faɗi gaskiya. Duk alherin da ta ƙara, nisa take ƙara yi da gaskiyar. Abin da ya riƙe ni ke nan: abin da take so da abin da take buƙata suna faɗa da juna. In ba sa faɗa, babu fim. Ga kuma amsar Abu Sadiƙ a ciki, don labarin rabuwar Sudan yana nan daram a bayan matan biyu, bai ɓace ba.

Sabon_Alƙalami:
Tambaya daga gefe don Allah. Da Hausa za a yi fim ɗin ko da Larabci? Kuma a ina za a nuna?

Ɗan_Sabil:
Gauraye. Da mutanen gidan Larabci, a waya da Kano Hausa. Burinmu mu tura wa bikin fina-finai na Bahar Maliya da aka fara a nan Jidda a Disambar 2021, suna da sashen gajerun fina-finai. In bai shiga ba, YouTube.

Mai_Kyamara:
Ku nemi izinin ɗauka kafin ku fito da kyamara titi, kada ku yi wasa da wannan. Kuma gaurayen harshen nan ka yi amfani da shi. A ce da yaran gidan kafilinsa, waɗanda ya kai makaranta tun suna ƙanana, yana da sakin fuska, yana tsokanarsu da Larabci, ya san abin da kowannensu yake so a saya masa a kanti. Da nasa ɗan kuma sai "an kawo yashin". Ba ka buƙatar wani bayani bayan wannan.

Kawu_Direba:
Wannan ma gaskiya ne, kuma yana da ciwo. Akwai yaron da na fara kaiwa makaranta yana kuka yana riƙe rigata, ni na kai shi filin jirgi da zai tafi jami'a.

Hajiya_Babba_Jidda:
Ni mai kallo ce kawai. Abin da ke gundurata a fina-finanmu na gida shi ne kowa sai ya zauna a kujera ya karanta mana abin da ke ransa. "Ni fa tun ina yaro ban samu soyayyar uwa ba." Wane Bahaushe ne yake magana haka? Ko kuma a yi waiwaye, hoto ya koma fari da baƙi, a nuna mana ana dukansa yana yaro. Don Allah ɗana kada ka yi mana waiwaye.

Sabon_Alƙalami:
Hajiya a yi mana adalci kaɗan. Ni ina ganin waƙar da ake zagi a fina-finan Kano aikin nan take yi. Abin da kunya ta hana saurayi da budurwa su faɗa a zaure, shi ake sakewa a waƙa. Shi ya sa tun zamanin da ake cika sinimar Plaza da Marhaba don kallon fina-finan Indiya mutanenmu suka karɓi salon, don su ma can ba a faɗar komai a gaban manya. Matsalar ita ce in an sa waƙar inda babu abin da aka haɗiye.

Hajiya_Babba_Jidda:
To na ji, amma Malam Isiyaku dai ba zai yi rawa ba.

Ɗan_Sabil:
Ba zai yi ba Hajiya. Ga inda na tsaya yanzu. Ƙarshen da na rubuta da farko, ya samu kuɗi ya hau jirgi yana murna, ya mutu. Amma me zai maye gurbinsa? In sa ya kira sunan ɗansa a filin jirgin Malam Aminu Kano su rungume juna?

Ummu_Hanan:
Runguma ta yi yawa, ba halinsa ba ne. Sunan ma ni ba zan sa ya faɗa ba, don ba laifi ba ne a wurinsa, tarbiyyarsa ce. Ya isa a ce a waya ta ƙarshe ya yi wa yaron tambaya ɗaya da ba ta shafi gini ba. Ya ji yana tari ya ce: ka sha magani kuwa? Ga mutum irin Isiyaku wannan tafiya ce mai nisa.

'Yar_Gadarif:
Ni kuma ina ganin ba dole ne ya samu abin da yake buƙata ba. Zai iya samun kuɗin, ya gama gidan, sannan ya nemi wani kafilin ya zauna. Mai kallo ya ga ƙofa a buɗe, ya ga mutumin ya kasa shiga. Wannan ya fi kama da abin da Kawu ya ba da labari, kuma ya fi zama a rai. Ba kowane tauraro ne yake warkewa ba. Abin da ake bukata kawai shi ne a kai shi gaɓar da zai zaɓa, mu ga abin da ya zaɓa.

Talatu_Shara_Mansur:
A'a don Allah, ku bar shi ya koma gida. Masu kallon nan da yawa iyayensu ne a wannan halin.

Abu_Sadiƙ_Riyad:
Na karanta duka. Na yarda da maganar 'Yar Gadarif cewa abu biyun su yi faɗa da juna, wannan na gane shi. Inda har yanzu nake da ja shi ne a ce kowane labari sai da wannan. Akwai mutanen da abin da suke so shi ne dai abin da suke buƙata, kuma duniya ce ta tare musu hanya. Uwar da ke neman ɗanta da ya ɓace a gudun hijira daga Khartum ba ta da wani ɓoyayyen abu da za a tono.

Jikan_Mai_Wurno:
Wannan uwar na san irinta, Abu Sadiƙ. Wata da muka taho tare ba ta yarda ta kwanta a kan katifa ba tun da muka iso, don ita ta aike shi sayen burodi a safiyar. Nemansa take, amma akwai abin da take nema wa kanta ma.

Ummu_Hanan:
Kuma duk mun manta da mutum ɗaya. Matar Isiyaku fa? Shekara 19 ita ce uwa ita ce uba, ita ke yanke hukunci a gidan. Kun tabbata tana son ya dawo ya zauna? Ɗan_Sabil, ko sau ɗaya ka bari mu ji muryarta a wayar nan.

Ɗan_Sabil:
Ban ba ta ko layi ɗaya ba a rubutun farko. Zan gwada fitowa guda da ita in kawo muku ku duba, tare da ƙarshe iri biyu, na Yaya Ummu Hanan da na 'Yar Gadarif.

Kawu_Direba:
Ɗana kafin ka sake rubutawa ka gyara abu ɗaya. In an buga wa mutum huruj niha'i, kwana 60 yake da su ya fita. Ka sa labarin a cikin kwanakin nan, kada ka ce "kafin ƙarshen shekara", duk direban da ya kalla zai san ba haka ake yi ba. Kuma kuɗin kwano ba a hannu ake kaiwa ba, ta wurin masu canji ake turawa, su ba iyali naira a can. In kana son ganin irin ɗakin da muke kwana, wanda ke jikin katanga kusa da gareji, ka yi min magana ta gefe, ranar Juma'a bayan la'asar ba ni da fita.